Sawun Baƙin Mai

Injin motar Likita ya mutu a hannuna, kuma ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Ni bakanike ne. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka wanda ke neman zance mai ado ya nemi wani. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Motar ta girme ni. Doguwa ce, baƙa, kujerunta na fata, sitiyarinta kamar murfin babbar tukunya. Likita ya saye ta tun yana saurayi. Da hannunsa ya fara rawa 'ya'yansa suka hana shi tuƙi, sai ya kawo min ita ajiya. A ƙuryar rumfar garejina take kwana. Lokaci-lokaci nakan kai masa ita gida, ya zauna a gaba in zaga da shi, sai ya lumshe ido yana sauraron injin.

Ranar ma wurinsa na nufa. Ban yi nisa ba na ji ƙara kamar ana dukan ƙofar ƙarfe da guduma. Ta yi tari, ta tsaya cak. Na buɗe bonet na zaro sandar awon mai, na same ta a bushe ƙayau. Ni da hannuna na zuba mata sabon mai satin da ya wuce. Injin ya ƙone, kuma irinsa ba a samun kayansa a kasuwa.

Kafin mu gama janyo ta gareji, layinmu ya riga ya yanke hukunci. Baba Maigadi ne. Kowa ya san yana tara tsohon baƙin mai a jarka yana kai wa kafintoci su shafa wa katako saboda gara. Aka ce wannan karon kwaɗayi ya kai shi ga sabon mai, ya kwance notin ƙasa ya tsiyaye.

Ɗan Likita ya iso da 'yan sanda, yana huci. Suka tambayi Baba inda yake ranar hutu, ranar da ba kowa a gareji. Ya ce bai ɗaga daga bakin ƙofa ba. Mai shayin tsallaken titi ya ce ƙarya ne, ya ga fitarsa da rana tsaka, sai yamma ya dawo. Shi ke nan, suka tasa ƙeyarsa.

Na bi shi ofishinsu da yamma. Dattijo mai furfura, zaune a ƙasa ba takalmi.

"Baba, me ya sa ka yi ƙarya?"

"Maigida, 'yata ce ba lafiya, na je duba ta. Tsoro na ji kar ka ce na bar aiki. Amma wallahi ban taɓa motar nan ba. Ni ko jingina da ita ba na yi."

Shekarun da ya yi yana min gadi, ko noti ɗaya bai taɓa ɓata ba. Ɗan Likita kuwa ya rantse sai an kai shi kotu.

Matata ce ta ce in kira kawunta.

"Mai bin sawun shanu?" na ce. "Mota ce fa, ba saniya ba."

"Tana taka ƙasa ko ba ta takawa?"

Dubaƙasa ake ce masa, don ba ya kallon fuskar mutum. Dogo ne, siriri, kullum kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. An ce ya taɓa bin ɓarayin shanu ta kan dutse, inda ko kare ya rasa hanya. Ni ban yarda da irin waɗannan labaran ba.

Washegari da safe ya shigo garejin, ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Surukina, takalminka na dama ya matse ka. Ka daina rowa ka sayi wani."

Gaskiya ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na nuna masa mutanena. Mai Fenti, ƙato mai yawan dariya. Mai Waya, ɗan gajere mai saurin fushi. Sai Auta, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, babban hannuna, wanda motocin zamani ba sa yi masa gardama. Dukansu suna da makullin ƙofar gareji.

"Ina gawar?" in ji Kawu.

Muka tura motar kan rami. Ya ce a ɗebo masa toka wurin mai shayi. Ya sauka ramin da rigarsa fara, ya riƙa ɗibar tokar a tafin hannu yana hura ta a ƙarƙashin motar, a hankali, tun daga gaba har baya. Muna tsaye muna kallonsa, Mai Fenti yana ƙunshe dariya.

"Sauko ka gani."

Na sauka. Inda man ya tsufa ya bushe, tokar ta zauna fara. Inda man yake sabo, ta shanye shi ta koma baƙa. Cikin motar nan da na sani tun ina matashi ya fito kamar zane. Baƙin ya faro daga bayan inji, daidai inda yake haɗuwa da giya, ya bazu baya kamar jelar tsuntsu, har kan ƙafafun baya.

"Ina notin da ake cewa an kwance?"

Na nuna masa. Fari tas. Ƙurar sati tana kansa, ba wanda ya sa masa sipana bayan ni.

"Ni ban san ƙarfe ba," ya ce, "amma na san jini. Dabbar da aka yanka a tsaye, ƙasa jininta yake zuba, wuri ɗaya. Wadda take gudu da rauni, iska ke kwashe jinin ta fesa mata a ciki da cinya. Wannan dabbar taka a guje ta zubar da jininta. Ba wanda ya tatse ta."

"Kawu, tafiyar da na yi jiya ba ta kai ta zubar da mai duka ba."

"To ba kai kaɗai ka hau ta ba ke nan."

Ya fito daga ramin ya nufi ƙuryar da take kwana. A nan akwai wani baƙin tabo a siminti mai kauri kamar fata. Ya tsugunna a kansa ya daɗe.

"Wannan fa?"

"Ɗigonta ne. Tsofaffin injina suna da wani bututu a gefe, buɗe yake, ta nan suke fitar da iskar ciki. Yakan ɗiga kaɗan-kaɗan. Haka aka ƙera ta. Duk inda ta bi sai ta bar alama."

"Ta daina."

"Ba ta taɓa dainawa ba."

"Zo ka ga hanyar tururuwa." Ya nuna min da tsinke. Wani siririn layi ya ratsa tsakiyar tabon. "Tururuwa ba ta taka ɗanyen mai. Waɗannan sun yi kwanaki suna wucewa ta nan, har sun share hanya. Dabbarka ta kwana a nan ba ta ɗiga ba. Je ka duba mata hanci."

Na koma ramin da gudu, na zura yatsa a bakin bututun. Yatsana ya ci karo da abu. Da ƙyar na zaro shi da filaya: guntun katako, an naɗe shi da baƙin salatif, an buga shi ciki, bakinsa a karye.

A nan na gane komai. An toshe mata numfashi. Iskar ciki ta rasa mafita, ta taru, ta fasa robar da ke tare mai a bayan inji. Tun daga nan, muddin tana tafiya, mai take fesarwa.

"Me zai sa mutum ya toshe?" na ce.

"Kai ka faɗa da bakinka. Duk inda ta bi sai ta bar alama. Wani ya so ya fita da ita ba tare da ta kai ƙararsa ba."

Ido ya koma kan Mai Waya, don salatif irin nasa ne, kuma shi ne zai iya tada mota ba makulli.

"A'a! Kar wanda ya kalle ni!" ya ce, yana buga ƙafa. "Salatif ɗina wa bai ɗiba ba a garejin nan? Har mai shayi da shi ya ɗaure butarsa. Makullin motar kuma ba ga shi can a ƙusa ba, kowa na gani?"

"Ranar hutu kana ina?" in ji Kawu.

"Ina gida ina faɗa da matata. Je ka tambayi maƙwabta, sun ji komai."

"Kai fa, ƙato?"

Mai Fenti ya sosa ƙeya. "Na leƙo da safe na duba wata ƙofa da na fesa. Na tafi kafin rana ta take."

"Motar tana nan?"

"Tana nan, Baba. Ni tsoronta ma nake ji, kamar kakata take kallona."

"Kai, ƙanin maigida?"

Auta yana goge hannu da tsumma. "Barci na yi, Kawu. Sati guda ina ƙarƙashin motoci."

Kawu bai ɗago ya kalli ko ɗayansu ba. Ya ce da ni, "Ɗauko hularka, za mu yi tafiya."

Bakin ƙofar gareji yashi ne, kuma ƙafafu sun tattake shi. Ni ban ga komai ba sai hargitsi. Shi kuwa ya bi gefen katanga, ya tsaya, ya nuna wani ɗan guntun sawun taya siriri. Babu mota mai siririyar taya irin wannan a unguwar sai ita. Ni hannun dama na yi da ita jiya. Wannan sawun hagu ya yi.

Muka hau kwalta. A nan na ce aiki ya ƙare, wa zai ga sawu a kwalta? Titi cike da ɗigon mai na motoci iri-iri. Shi kuwa tafiya kawai yake, hannu a baya, masu babur suna yi masa hon suna zaginsa. Can ya durƙusa ya dangwali wani ɗigo, ya murza, ya sansana.

"Ga ta. Nata ya fi na sauran kauri, kuma bai gama baƙi ba."

Haka ne. Mai kauri na musamman nake zuba mata.

"Duba wutsiyar ɗigon. Inda ta nuna, can ta nufa. Nan a hankali yake tafiya, yana lallaɓa ta. Nan ya saki jiki, ga ɗigon ya yi tsawo. Nan ya taka birki, akwai abin da ya gifta masa."

Ina bin sa a baya kamar ɗan rago. Shekaruna nawa ina bin wannan titin, ban taɓa sanin akwai rubutu a kansa ba. Mutumin nan karanta shi yake kamar yadda ake karanta wasiƙa, har da inda direba ya yi shakka a mararraba kafin ya karya kwana.

Sawun ya kai mu wani layi shiru, gindin wata bishiya kusa da katanga. A nan yashi ya sha mai ya yi faɗi kamar tabarma. Raina ya ɓaci nan take.

"Layin Mai Fenti ne wannan! Ga gidansa can!"

"Rufe bakinka, surukina, kar ka ɗaure mutum na biyu."

Wani tela yana ɗinki a shagonsa daura da wurin. Kawu ya yi masa sallama ya tambaye shi.

"Ƙwarai na gan ta," in ji telan. "Mota kamar a tsohon hoto. Wata budurwa ya zo ɗauka a gidan can. Da suka dawo ya daɗe a tsaye, yana leƙa ƙarƙashinta."

"Ƙato ne?"

"A'a. Amma fuska kam ban gani ba, ya sa hula da baƙin tabarau. Ni ma motar nake kallo, ba shi ba."

Muka koma gindin bishiyar. Kawu ya tsugunna, ya hure busassun ganye. Man ya riƙe yashin kamar siminti, sawun takalmi ya zauna a ciki raɗam.

"Duba. Mai yana zuba ta baya, amma shi gaba ya zo ya durƙusa, daidai hancin. Ga gwiwarsa. Toshiyarsa ya zo dubawa. Ya ja, ta karye masa." Ya matsa gaba kaɗan. "Ga shi ya miƙe. Ƙafar dama lafiya lau. Ta hagu kuwa, gefen waje yake takawa, babban yatsa ba ya danna ƙasa. Wani abu mai nauyi ya taɓa faɗa masa a kai, da daɗewa. Ya warke, ido ba zai ga ɗingishi ba. Shi kansa ya manta. Ƙafar ce ba ta manta ba."

Shekarun baya giyar wata mota ta suɓuce daga kan jak ta faɗa wa Auta a ƙafa. Ni na goya shi zuwa asibiti.

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "Ka ja da baya, kuma ka daina numfashi. Ka san shi."

Ya miƙe, ya kaɗe ƙurar rigarsa.

"Ni baƙo ne. In ka ce in hau mota in koma gida, zan koma, ban ga komai ba. Dattijon can dai yana zaune a ƙasa."

Na daɗe ina kallon sawun nan. Na ce, "Mu koma gareji."

Na aika aka kira ɗan Likita. Sai ga shi da mahaifinsa, tsohon yana dogara sanda, ya ce shi ma sai ya ji da kunnensa. Masu katakon layinmu da mai shayi suka cika bakin ƙofa. Kawu ya sa aka share yashin tsakar gareji, aka yayyafa ruwa, aka daidaita shi da katako.

"Kowa ya taka ya wuce. Maigida, kai ne farko."

Na wuce. Mai Waya ya wuce yana ƙunƙuni. Mai Fenti ya wuce yana rangaji kamar amarya, mutane suka yi dariya. Har ɗan Likita sai da Kawu ya sa ya taka, ya ce shi ma ƙafa gare shi.

Auta ne ƙarshe. Ya tako a hankali, yana danna ƙafar hagu da ƙarfi, sak, sak, kamar soja. Yaron yana da kai, ya gane abin da ake nema.

Kawu ya bi sawun da ido, sai ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa.

"Ɗana, ka wahalar da kanka. Taku na fari ka danna, na biyu ka danna. Da ka zo ƙarshe ka ga ka tsira, sai ƙafar ta koma halinta." Ya ɗora tsinke a kan sawun ƙarshe. Gefen waje ya nutse, wurin babban yatsa ko taɓa yashi bai yi ba. "Wannan ƙafar ce ta tsaya a gindin bishiya."

Auta ya kalle ni.

"Yaya..."

"Faɗi."

"Zagaye ɗaya kawai na so in yi da ita. Na ce wa yarinyar zan zo da motar da ba ta taɓa gani ba. Na san in ta ɗiga a hanya za ka gane. Motocin yanzu ba su da wannan bututun a buɗe, na ɗauka ɗigo ne kawai, in na dawo in cire. Da ya karye, na goge ƙasa, na ce gobe zan gyara. Sai ka riga ni fita da ita."

"Wannan duk na ji. Motar ƙarfe ce. Da aka tafi da Baba Maigadi ba takalmi, kana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kana tsaye kusa da ni," na ce. "Har da kai a masu cewa a bincika jarkarsa."

Likita bai kalli Auta ba. Ya lallaɓa ya je gaban Kawu, ya daɗe yana dubansa.

"Malam, na yi shekaru ina duba marasa lafiya. Sai na tambaye su inda ke ciwo. Kai wa ya gaya maka?"

"Su ma ƙasa suke takawa, Likita. Da ka kalli ƙafarsu tun daga ƙofa, da ka rage tambaya."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya je ya buɗe motarsa ya zauna a gaba, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Ba wanda ya iya ce masa ya fito.

Ɗansa ya ce shi ba ruwansa da ƙanin wa ne, ƙara tana nan, sai dai a canza mai laifi. Masu katako suka fara ba ni baki, a rufa asiri, a roƙi Likita, jini ɗaya ne. Na ce ba wanda ya ba da wannan shawarar jiya, da dattijo ne a hannu.

Ni na tuƙa Auta zuwa ofishin 'yan sanda. Ni na miƙa shi. Na fito da Baba Maigadi, na ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce ya yafe, amma ya ɗauki jarkarsa da tabarmarsa, bai sake kwana a ƙofata ba.

Kawu na raka shi tasha da yamma. Na tambaye shi yadda ya koyi wannan abu. Ya ce shi bai koyi komai ba, mu ne muke tafiya muna kallon sama.

Kotu ta ɗaure Auta wata shida. Ya fito ya bar garin, ban san inda yake ba. Innarmu ta ce ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ya kai ɗaya kurkuku saboda tsohuwar mota da bare. Na yi mata bayani har na gaji. Duk safiya ina zuwa in durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta. Tun ranar ba ta amsa ba.